Bencin Baya

Masu karatu, kafin ku fara yi mini wa'azi a ƙarƙashin wannan rubutu, ku sani an riga ku. Fasto ya yi, matarsa ta yi, Mamana ta yi har da kuka, yayata Joyce ma ta turo nata daga Abuja a saƙon murya. Don haka ku gyara zama ku ji yadda aka yi ni Vivian, 'yar Dattijo Isuwa, mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, na koma zama a bencin baya.

Ga wanda bai san majami'armu ba, tana unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, gidanmu kuma yana Gwadangaji. Yawancinmu 'yan Filato ne da Kudancin Kaduna, aiki ko kasuwanci ya kawo iyayenmu, mu kuma aka haife mu a nan. Muka tashi da Hausar Kabi a baki, in mun je gida Kirsimeti a yi ta sa mu magana ana dariya. In ka shiga majami'ar, maza suna dama, mata suna hagu. Ko mata da miji ne, a bakin ƙofa suke rabuwa sai an tashi. Wuri ɗaya ne kawai namiji da mace ke iya zama kafaɗa da kafaɗa, shi ne bencin baya, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Nan ake zaunar da wanda ke ƙarƙashin horo. Ba ya waƙa, ba ya karatu a gaba, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, sai ranar da dattawa suka ga ya tuba. Benci ɗaya ne tak, don ba a taɓa zaton masu laifi za su yi yawan da za a raba su ba. Ba shi da majingina, kuma akwai wata ƙusa a gefensa da ta yaga zannuwan mutane da dama.

Dokar aurenmu kuma ga ta. In ɗan'uwa a majami'a ya ga 'yar'uwa mai bi yana so, ba ita zai faɗa wa ba. Kwamitin aure zai samu, su yi addu'a, su yi bincike, sannan su kira yarinyar su sanar da ita ana sonta. Dokar tana da dalili, ba zan ɓoye ba. An taɓa yin wani ɗan'uwa da ya ce wa 'yan mata uku Allah ya nuna masa su a mafarki, kowacce da nata mafarkin. Tun daga nan Baba Fasto Dominic ya hana kowa yin mafarki sai ta hannun kwamiti. In kuwa an kira yarinya, tambayar farko ita ce, "Ya taɓa yi miki maganar kafin ya zo wurinmu?" Tun da aka kafa kwamitin, amsa ɗaya ake bayarwa, a'a.

Yanzu sai Paul. Babana Bulus yake kiransa, wai haka iyayenmu na da suka san sunan. Dogo ne, baƙi, mai son farar riga mai dogon hannu ko da zafin Kabi zai narkar da mutum. Yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa a Argungu, duk ƙarshen mako ya shigo mota ya zo Birni, don shi ke kaɗa mana piyano. Piyanon nan tsohuwa ce, rubutun da ke kan maɓallanta duk ya goge, ba wanda ya san kanta sai shi. Tana da ganga a cikinta mai kaɗa kanta da kanta in an kunna. Ranar da wani dattijo ya gwada kashe gangar, sai ta saki wani kiɗan Turawa a tsakiyar addu'ar marasa lafiya. Ba a kuma iya zare wayarta, domin soket ɗaya suke sha da lasifikar Fasto.

Abin ya faru ne ranar da muka je taron mawaƙa a Argungu. Da aka tashi, sai aka ce mu je mu ga gulbi a Matan Fada kafin motarmu ta cika. Ina sanye da atamfa ruwan ganye da na ɗinka wa kaina, siket da riga mai hannu kamar fuka-fuki, ɗankwalin na ɗaure shi gefe. Paul ya sayo soyayyen kifi a takarda, da yaji da albasa, ya miƙo mini. Sauran mawaƙa suna can suna ɗaukar hoto da wani mai kwale-kwale.

Ya ce, "Vivian, ina so in je wurin kwamiti."

Na ce, "Allah ya kai ka lafiya."

"Ki bari mana. Ba zan iya tsayawa gaban dattawa in ambaci sunanki, su kira ki, ki ce ba ki so ba. Kunyar sai ta kore ni daga garin nan. In je?"

Ƙaya ce a bakina a lokacin. Na cire ta a hankali, na goge hannuna da gefen takardar, na ce, "Ka je mana."

Wannan shi ne zunubin gaba ɗayansa. Ko hannuna bai riƙe ba, kifi ne a hannun. Amma na dawo Birni zuciyata fes, ina ta murmushi ni kaɗai a mota har wata 'yar'uwa ta tambaye ni ko ciwon haƙori nake yi. Ina son Paul, na daɗe ina sonsa, tun yana sa ni maimaita baiti ɗaya sau da yawa wai na kauce, alhali ban kauce ba.

Ya je, suka karɓe shi, suka yi bincikensu. Ranar da aka aiko a ce in zo, saƙonsa ya shigo wayata ina kan keken ɗinki.

"An kira ki?"

"An kira."

"Ni na riga na amsa tawa. Na ce a'a. Ke ma kin san abin da za ki ce."

"In ce me?"

"Vivian don Allah. A'A."

Har da manyan baƙaƙe, ya kuma biyo da hoton hannuwa biyu a haɗe.

Shagon ɗinkinmu yana bakin titin Gwadangaji, ni da Fadimatu, ƙawata tun muna firamare. Gidansu yana bayan namu, babanta malami ne mai ɗalibai, ni kuma na ci tuwon gidansu fiye da yadda ta ci na namu. Ta ga ina kallon waya na bar keke yana jira, sai ta leƙo.

"Ke Bibiyan, mi as same ki?"

Na ba ta labari. Ta ajiye almakashi ta riƙe haɓa.

"Tsaya in gane. Yaron ga shina son ki, kina son shi, amma ba shi iya hwaɗa miki sai ya tai ya hwaɗa ma tsohhi?"

"Awo."

"Su kuma tsohhin su kira ki su hwaɗa miki abin da kin riga kin sani, ke kuma ki yi kamar yau kika ji?"

"Haka ake yi."

"Mu dai saurayi ƙohwar gida yaka zowa, a shimhiɗa mai tabarma, unguwa duk ta gan shi. Ku kam kuna da wuya wallahi." Ta ɗauki almakashinta. "To ki ce a'a ɗin mana, mi ar rage? Ni dai na riga na zaɓi ankon da za mu sa."

A gida ma maganar ke nan. Mamana, Caroline, shugabar Zumuntar Mata ce, mace mai tsari. Tana guga zanen zumunta a falo, ta sa na zauna a kujerar da ke ƙarƙashin hoton aurensu, ta fara yi mini gwaji.

"Ya taɓa yi miki maganar kafin ya zo wurinmu?"

"A'a."

"Kin yi sauri. In kika yi sauri za su ce kin shirya. Ki sunkuyar da kai, ki ɗan yi shiru, sannan ki ce a'a. Ki yi mamaki kaɗan, ba da yawa ba. Joyce ta yi mamaki da yawa har Mama Fasto ta kusa dariya."

"Mama, ba ƙarya ba ce?"

Ta kife dutsen guga ta dube ni. "Biyayya ce. Kwamiti yana son a'a, ki ba shi a'a. Kowa ya sani, Mama Fasto ta sani, Fasto ma in ya kwanta ya yi tunani ya sani. Mutum ɗaya ne a majami'ar nan ya yarda da a'a ɗin nan har zuciyarsa, shi ne babanki."

"Shi bai faɗa miki ba kafin ya je?"

"Wa? Isuwa? A bakin matar fastonmu na gida na ji labarin aurena. Na ɗauka ma wani Isuwa ake nufi, mai keke. Sai da aka nuna mini shi."

Haka Babana yake. Ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, dattijon ekklisiya, shi ke karanta sanarwa duk Lahadi. In Fasto ya ce a yi azumi, Baba ba ya tambayar na mene ne. In aka ce dattawa su zo da sassafe, shi ke buɗe ƙofa. Ya sha gaya mana cewa wanda ya kasa yi wa shugaban da yake gani biyayya, ba zai iya yi wa Allah da ba ya gani ba. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko irin ta "ku ce ba na nan". In ba ya son ganin baƙo, fita yake yi da gaske ya tsaya bayan gida, don in mun ce ba ya ciki ya zama gaskiya.

Ranar kwamiti na sa doguwar riga ruwan toka mai rufe wuya, ba jan baki, ba 'yan kunne, na ɗaura ɗankwali har goshi. Mama ta zagaya ni ta ce na yi kama da wadda ba a taɓa ce wa ana so ba, wato shiri ya yi. Baba ya ce ba zan hau kabu-kabu ba, shi zai kai ni a babur ɗinsa. Muna tafe, mun wuce masu keke napep da ke lodi zuwa cikin gari, sai ya ɗan juyo da kai.

"Vivian, ko kaɗan ba na jin tsoro. Na san abin da na haifa. Abin da aka tambaye ki, ki faɗi gaskiya. Abin da aka ce ki yi, ki yi biyayya. Shi ke nan."

Na ce, "To, Baba."

Ofishin Fasto ƙarami ne, da fanka mai ƙara da kujerun roba. Baba Fasto yana bayan tebur, Mama Fasto tana gefena da mafici, dattawa biyu suna jikin bango. A ƙa'ida uba ba ya zama in 'yarsa ce a gaban kwamiti, amma Baba ya roƙi a bar shi a bakin ƙofa ba zai ce komai ba, aka bar shi don girmamawa. Aka yi addu'a mai tsawo. Sannan Fasto ya cire tabarau, ya yi murmushi, ya sanar da ni cewa wani ɗan'uwa mai suna Paul ya nuna sha'awar aurena. Na sunkuyar da kai. Na yi mamaki kaɗan, ba da yawa ba.

"'Yata, ya taɓa yi miki maganar kafin ya zo wurinmu?"

Na ɗan yi shiru kamar yadda aka koya mini. A'a tana kan harshena, a shirye. Kuskuren da na yi shi ne na ɗaga ido. Baba yana zaune a bakin ƙofa, hularsa a gwiwa, yana kallona da irin fuskar da ya yi ranar da aka yi mini baftisma. Mutumin nan jira yake ya ji 'yarsa ta faɗi gaskiya, kuma ya tabbata gaskiyar ita ce a'a.

Sai na ji bakina ya ce, "E, Baba Fasto. Ya yi."

Ni ma ji na yi kamar kowa. Maficin Mama Fasto ya tsaya. Ɗaya dattijon ya hau duba farcensa.

Fasto ya mayar da tabarau. "Wataƙila ba ki fahimci tambayar ba, 'yata. Fankar nan tana da ƙara. Zan sake yi."

Ya sake yi, a hankali, kalma kalma. Mama Fasto ta taka mini ƙafa da takalminta mai tsini.

Na ce, "Ya yi, Baba. A Argungu, a bakin gulbi."

"Ɗan'uwa Paul ya zauna a kujerar da kike zaune ya ce a'a. Kina nufin mai hidima a gidan Allah ya yi wa kwamiti ƙarya?"

"Ni dai abin da aka tambaye ni na faɗa."

Ba zan ce muku Baba Fasto mugun mutum ba ne. Shi ya kwana a asibiti da Babana lokacin da aka yi masa aiki. Ranar nan ma taimakona yake so ya yi, irin taimakon da ya iya. In a'a ɗaya ta fashe, duk auren da kwamiti ya ɗaura sai an sake dubansa, har da na 'ya'yan dattawan da ke jikin bango. Ya sassauta murya.

"Vivian, ni ubanki ne na ruhaniya. Ina umartarki ki ce kin yi kuskure, wataƙila hira ce kawai kuka yi kika ɗauke ta wani abu. Ki faɗi haka, mu yi addu'a, a sa rana."

"Baba, ban yi kuskure ba. Kifi ma muke ci."

Daga nan murmushi ya ƙare. Ya yi mini magana mai tsawo a kan tawaye, yadda yake farawa da ƙaramin abu, yadda ya raba Sarki Saul da sarautarsa, yadda mai ja da shugabansa a gidan Allah ba da mutum yake ja ba. Gaskiya na tsorata, don na yarda da abin da yake faɗa, a kansa aka raine ni. Amma duk lokacin da na buɗe baki in ce na yi kuskure, sai in tuna Babana yana bakin ƙofa. Aka yanke cewa amsar Paul tana nan a matsayinta, tunda babu wata shaida a kansa sai ni. Ni kuma na ƙi bin umarnin Fasto a gaban kwamiti, don haka zan shiga horo har sai na sauko. Maganar aure kuma an ajiye ta.

Baba ya ɗauko ni a babur muka koma gida. Mama ta tare mu a ƙofa da guɗa a baki, ta ga fuskokinmu ta haɗiye ta. Da ta ji abin da ya faru ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Kalma ɗaya, Vivian! Harafi nawa ne a ciki? Na koya miki, na sake koya miki!"

Baba ya dube ta. "Kin koya mata me?"

Mama ta tashi ta shiga kicin, ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Ya juyo gare ni. "Kin faɗi gaskiya."

"E, Baba."

"Amma Fasto ya ba ki umarni."

"Baba, a kan babur abu biyu ka ce in yi. Wanne zan bi?"

Ya ajiye hularsa. Sannan ya fita ya hau goge babur.

Paul kuwa kafin yamma labari ya kai masa Argungu. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar ana korarsu.

"Me kika yi?"

"Kin mayar da ni maƙaryaci a gaban dattawa."

"Kowa haka yake cewa Vivian, KOWA."

"Ki koma ki ce kin ruɗe. Don Allah. In suka gane, za su karɓe piyano, kuma ba za su taɓa ɗaura mana aure ba."

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Daga ƙarshe na tura, "Ni na mayar da kai?"

Ya karanta, alamar ta nuna. Bai amsa ba. Washegari ma shiru, har mako ya ƙare. Hoton da ke kan lambarsa, wanda na ɗauke shi a bakin gulbi, ya cire ya sa hoton buhunan shinkafa. A shago na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai, Fadimatu ta karɓa ta farke. Can ta ce, "In yaron ga ya bar ki ki zamna can ke ɗai, to ba miji ba ne, ki gode ma Allah. Amma ankon kam na riga na saya." Na yi dariya, sai dariyar ta zama kuka. Na yi kuka sosai, a kan leshin mutane, don na ga alamar na yi gaskiya na rasa Paul.

Ranar Lahadi na sa atamfar nan ruwan ganye. Mama ta ce in canza, na ce sauran ba su bushe ba. Rigar mawaƙa da hularta na ninke na miƙa wa shugabar mawaƙa a bakin ƙofa, ta karɓa tana kallon wani wuri. Paul yana gaba a kan piyano, cikin farar rigarsa, ya ba jama'a baya kamar kullum. Bai waiwayo ba.

Da lokacin sanarwa ya yi, Baba ya tashi da babbar rigarsa fara. Ya sanar da taron matasa, ya sanar da ranar sharar majami'a, ya gode wa wanda ya kawo man janareta. Sannan da muryar nan dai, ba hawa ba sauka, ya ce, "'Yar'uwa Vivian Isuwa tana ƙarƙashin horon ekklisiya saboda rashin biyayya ga shugabanni, har sai an ga tuba. Ekklisiya ta yi mata addu'a." Ya koma ya zauna kusa da Fasto.

Na tashi daga cikin mata na taka zuwa baya. Majami'armu ba ta da girma, amma ranar nan ta yi tsawo. Matan zumunta duk suka sami abin dubawa a littafin waƙa. Bencin ba kowa, ni kaɗai ce mai zunubi a wannan watan. Na kauce wa ƙusa na zauna kusa da tsintsiya.

Fasto ya ce kafin wa'azi, wanda zai yi a kan biyayya, mawaƙa su ba mu waƙa ɗaya. Waƙar da ni ke ja ce, aka ba wata yarinya mai siririyar murya. Paul ya kunna gangar piyano, tim tak, tim tim tak, ya ɗora yatsu ya fara. Yarinyar ta shiga baiti na farko, ta kauce. Da ni ce da ya ɗaga gira. Bai ɗaga komai ba.

A tsakiyar baiti na biyu sai sautin piyano ya ɗauke, ganga kaɗai ta rage. Na ɗago kai. Paul ya miƙe tsaye. Ya gyara hannun rigarsa, ya sauko daga dandamali, ya biyo tsakiyar majami'a tsakanin maza da mata. Mawaƙa suka yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya har suka yi tsit. Ganga kuwa ba ruwanta, tim tak, tim tim tak. Na ɗauka fita zai yi. Sai ya tsaya a kaina, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Matsa mini."

Ba wanda ke zama a bencin nan don hutawa. Duk wanda ya zauna, ya gaya wa ekklisiya cewa shi mai laifi ne. Na san haka, ya san haka, Mama da ta juyo gaba ɗaya daga layin gaba ta san haka. Amma haushinsa bai gama sakina ba.

Na ce, "Akwai wuri can gefe."

"Akwai ƙusa."

"Na sani."

Ya zauna a kan ƙusar. Na ji ƙarar wandonsa. Bai motsa ba, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon gaba.

Fasto ya hau mumbari ya buɗe baki, ganga ta rufe shi. Wani dattijo ya nufi piyano, aka riƙe masa riga, an tuna abin da ya faru wancan karon. Wani ya nufi soket, Fasto ya girgiza masa kai. Sai ya sunkuya wurin Babana, ya manta lasifika tana hannunsa, kowa ya ji.

"Dattijo Isuwa, je ka tayar mini da yaron nan daga wurin. Ba a sa shi a horo ba. Ya koma kan aikinsa."

Baba ya miƙe. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Fasto ya aike shi ya dawo da wani abu daban ba. Ya taho a hankali, babbar riga tana jan ƙasa, ya tsaya a gabanmu. Ya dube ni, ya dubi atamfata. Sannan ya dubi Paul.

"Bulus."

"Na'am, Baba."

"Ka yi mata maganar kafin ka je wurin kwamiti?"

"Na yi, Baba."

Baba ya gyaɗa kai. Ya waiwaya ya kalli Fasto da ke jira a kan mumbari, ya daɗe yana kallonsa. Da ya juyo, muryar sanarwa ya yi amfani da ita, wadda ba ta bukatar lasifika.

"Tashi ka kashe mana gangar nan, Fasto zai yi wa'azi. In ka kashe, ka dawo ka zauna kusa da ita."